Ƙaya a Hanyar Dutse

Rowa ce ta ci manomin nan na gindin dutse. Ranar da ɗaliban Samaru masu hawan dutse suka taka masa kunyoyin gyaɗa uku, sai ya toshe hanyar da ƙaya.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji wata ɗaliba. "Duk Asabar mu ke kwashe sharar dutsen nan."

"Ki je ki hau katangar makarantarku!"

Suka daina zuwa. Da dutsen ya rasa masu sa ido, sai masu fasa shi suka zo da tifa. Su kam ba su yi sallama ba.

To, ku ƙirga da ni. Gonarsa ta zama hanyar tifa, ɗaya. Idon ruwan gindin dutsen ya ƙafe, biyu. Bangon ɗakinsa ya tsage, uku.

Ƙayar tana nan, tana gadin ramin da masu fasa dutsen suka bari.