Ruwan Da Bai San Kakansa Ba

Ku matso nan ku duka, har ke mai goyo. Ku kife wayoyin nan. Magana zan yi, kuma ba na maimai.

A wani gari na bakin gulbi an yi wani ɗan Sarkin Ruwa, ɗan fari, wanda kowa ya san shi zai gaji uban. Lalube suka gada a gidansu. Ba koma, ba ƙugiya, mutum ya nutsa ya zura hannu cikin gurbi, yatsunsa su gaya masa tarwaɗa ce ko ƙurungu tun bai fito da ita ba. Tun yana jariri aka yi masa wankan gidan, aka ce dafin ƙayar kifi ba ya kama jininsu, kuma bai taɓa ganin ya kama shi ba. Da gulbi ya ja baya shekara biyu a jere, rumbu ya yi ƙasa, sai ya tafi Legas neman abinci. Can ya sami aiki a wani babban otal inda ake ajiye kifin teku cikin akwatunan gilashi don baƙi su zauna su kalla. Kifin da ba a ci, ku ji fa! Ruwan na gishiri ne, an jera duwatsu a ciki, a jikin duwatsun kuma akwai wasu abubuwa kamar furanni, alhali rai gare su, harbi suke yi. Aikinsa ya zura hannu har kafaɗa ya kankare gansakuka, ya gyara zaman duwatsu, safe da yamma.

Wanda ya tarar a bakin aikin ɗan mahauta ne, kun kuwa san wasan da ke tsakanin mahauta da masunta. Ran farko ya miƙa masa doguwar safar hannu ta roba, ya ce, "Ungo, sarkin ƙarni. Wannan ruwan bai san kakanka ba." Ɗan Sarkin Ruwa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Bawana, tsoron ruwa ai gadonku ne. Kai da ko wanka sai Sallah-Sallah." Gargaɗi aka yi masa, shi kuwa wasa ya ji, don daga bakin abokin wasa ya fito. Da wani ne ya faɗa, ƙila da ya saurara. Amma ya sa safa a gaban ɗan mahauci, a je gida a ba da labari? Ina!

Ƙaiƙayi ya fara a tsakanin yatsu, ya ce rashin sabo ne. Sai ja, sai ƙuraje masu ruwa, sai fata ta shiga tsagewa a gaɓoɓi kamar fadama da rani, kullum kuma ya mai da ita cikin gishiri. Ya yi tofin gidansu, ya shafa man kaɗanya. Tuwo ya gagare shi ci da hannu, ƙato da shi ya koma cokali a ɓoye. Alwala ta zama azaba. Ɗan mahauci ya ajiye wasa, ya ce, "Don girman Allah, ɗan'uwa, sa." Ya sa, amma a lokacin wasu ƙananan kumburi kamar 'ya'yan gurjiya sun riga sun jeru daga bayan hannu suna hawa dantse. Likita ya ɗora shi kan magani wata da watanni, ya raba shi da ruwan. Gyambo ya warke. Abin da ya bar masa shi ne fata mai kauri kamar ƙirgi, da yatsun da ba sa bambance alharini da buhu.

Ana haka uban ya rasu, aka aika masa, ya dawo gida. A garin ba a naɗa magaji sai ya shiga gurbin kakanni ranar buɗe kamun kifi, ya fito da kifin farko da hannunsa. Gari ya cika gaɓa, ganguna na tashi. Ya nutsa. Numfashinsa na nan, ƙafarsa ta gane hanya. Ya zura hannu ya lalaba, ya sake lalabawa, ya ji kamar mai taɓa duniya ta cikin bargo. Ya taso ya ce wa dattawa gurbin ba kowa. Bai rufe baki ba, wata tarwaɗa mai kaurin cinya ta sulale daga tsakanin tafukansa, ta kaɗa wutsiya a idon jama'a, ta tafi abinta. Da ita ya taso. Kowa ya gani, shi kaɗai ne bai ji ba. Makaɗa suka sauke ganga. Uwarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya tsaya cikin ruwa iya ƙirji yana duban hannuwansa, aka rasa mai ce masa fito.

Har yau garin ba Sarkin Ruwa. Rabin dattawa sun ce jini jini ne, yunwa ta fitar da shi, ba yawon banza ba, a naɗa shi ƙannensa su riƙa lalube a madadinsa. Rabi sun ce ranar da ruwa ya ci ɗan wani, da wane hannu zai lalubo wa uwarsa gawar? Shi kuwa yana zaune a zaure, ko gaɓa ba ya zuwa.

Ni dai na san masu iya magana ba su yi ƙarya ba: kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Saura ku. Ba wanda zai tashi daga tabarmar nan sai kun raba mini gardamar: a naɗa shi, ko a bar shi da hannuwansa?