Uban da Bento Ya Tsinto a Bakin Titi

Karo na goma sha ɗaya ke nan Seu Genival yana ɓata musu aiki.

Abin da ake so ya yi bai taka kara ya karya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya wurgo akwatin kaya waje, ya daka tsawa, "Fice mini daga gida!" Shi ke nan. Amma da zarar an kunna kyamara sai tsohon ya ajiye akwatin a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya faɗi maganar da muryar mai miƙa wa baƙo kujera.

"A tsaya!" Bento darakta ya dafe kai. "Seu Genival, korar 'yarka za ka yi, ba shayi za ka ba ta ba!"

"To ai na kore ta, ɗana."

"Ka kore ta kana tambayar ko ta ɗauki lema?"

"Hadari na gani."

Masu riƙe fitilu suka juya baya suna ƙunshe dariya. Bento kuwa ba abin dariya a gabansa. Yau ce ranar ƙarshe a wannan gida na kan tudun garin Olinda, gobe masu shi za su dawo, ga rana ta fara gangarawa bayan coci. In babu wannan fitowar, babu fim.

Kuma ba shi kaɗai zai sha ƙasa ba. Dalva, jarumar fim ɗin, shekara tara tana wannan sana'a. An haife ta a matsayin ɗa namiji aka raɗa mata sunan maza, ta girma ta ce ita mace ce, ta zaɓi nata sunan. Fim bakwai ta yi, a huɗu an kashe ta tun kafin 'yan kallo su gama zama, a uku ita ce ƙawar mai gyaran gashi da ke ba da dariya. Wannan ne karon farko da labari ya zama nata daga farko har ƙarshe. Bento bai taɓa tambayarta yadda ta ƙare da nata iyayen ba. A ganinsa ya sani, ai irin su Dalva duk labarinsu ɗaya ne, kora daga gida.

Shi da kansa ya tsinto tsohon. Ba ya son ƙwararru a irin wannan matsayi, fuska yake nema a titi. Kullum da safe in sun iso aiki sai ya tarar da wani dattijo jingine da tsohuwar motarsa a bakin layi, fuska a murtuke kamar an aiko masa da sammaci. Bento ya ce masa, "Kai ne uban da nake nema, wanda ya kori 'yarsa." Dattijo ya ce, "Ikon Allah. To."

Bento yana da doka, kuma yana alfahari da ita: masu fitowa uba da 'ya ba za su gaisa ba, ba za su zauna wuri ɗaya ba, sai a gaban kyamara, don baƙuntar ta fito a fuska. Sun bi dokar, ba laifi. Sau ɗaya kawai aka kama tsohon a wurin cin abinci yana tsince wa Dalva jatan landen da ba ta ci daga farantinta. Bento ya yi faɗa, ya ce tausayi ne zai kashe masa fim.

Da aka ɓata ɗauka ta goma sha biyu, Dalva ta cire takalmanta masu tsini ta nufo Bento.

"Ɗan nan, ara mini tsohonka minti ɗaya."

"Doka fa, sarauniya?"

"Ka soya dokar ka ci da daddare. Dubi rana."

Ta je ta raɗa wa Seu Genival magana a kunne, ba ta fi numfashi biyu ba. Ta dawo ta saka takalmanta, ta ce a kunna.

Akwatin ya tashi sama ya daki bangon maƙwabta, ya fashe, riguna suka watse a kan duwatsun titi. Jijiyar wuyan tsohon ta miƙe. "Fice mini daga gida! Fice, munafuka!" Babu munafuka a rubutun, amma wa zai tanka? Karnukan layin suka ɗauki haushi. Dalva ta tsuguna tana tsince kayanta, kafaɗunta na rawa, hannu a baki, hasken yamma na kwance a bayanta.

"A tsaya," in ji Bento, da ƙyar. Mai ɗaukar sauti tana sharar hawaye. Aka ɓarke da tafi.

Seu Genival bai tsaya karɓar tafi ba. Ya wuce motarsa, ya buga ƙofa, yana ta huci shi kaɗai: "Shekara ashirin da biyu! Shekara ashirin da biyu!"

Bento ya rungume Dalva. Sai a lokacin ya lura ba kuka take ba, dariya take ƙunshewa.

"Sarauniya, don girman Allah, me kika ce masa?"

"Gaskiya na faɗa masa. Na ce ba kyanwar maƙwabta ce ta cinye tsuntsunsa mai waƙa ba, ni ce na buɗe kejin ina 'yar shekara tara. Shekara ashirin da biyu ke nan yana zargin kyanwa." Ta leƙa wajen motar, ta rataya jakarta. "Yi sauri ka sallame ni in je in ba mahaifina haƙuri. Mutumin da ranar da na ce masa ni mace ce tambayata kawai ya yi ko na ci abinci, yau kam in ban yi da gaske ba, a ƙafa Baba zai bar ni in koma gida."