Tumfafiyar Bakin Shinge

Da ya tarar da tunkiyarsa a mace, ga ganyen tumfafiya cikin harawarta, sai ya sungumi jarkar fetur ya nufi shingen gonarsu ta Iowa a Amurka, inda yayarsa ta bar ciyawar ta yi daji saboda malam-buɗe-littafi.

"Ƙanena, bari su tashi kudu tukuna. 'Ya'yansu ba sa cin komai sai ita."

"To ki shayar da su da kanki."

Ya hankaɗe ta, bakinta ya daki gungume, jini ya ɓalle. Ya watsa wa tumfafiyar fetur, ya ƙyasta ashana.

Tartsatsi ya yi sama, jawur. Malam-buɗe-littafi ɗaya bai mutu ba. Yana kaɗa fukafukai masu ci da wuta ya tsallake shingen, ya sauka a hankali kan rumbun harawa, inda sauran tumakinsa ke kulle.