Sadaka ba ta tambayar suna

Ina shekara tara, wata la'asar, 'yan mata uku na wata ƙungiyar ɗaliban jami'a suka ƙwanƙwasa mana ƙofa a unguwar Mansur ta Makka, da buhun shinkafa. Babbarsu ta ce kakanninsu ma da ƙafa suka zo Makka, shi ya sa suke taimakon 'yan uwa. Sai ta zaro takarda da biro.

"Hajiya, sunanki kawai."

Umma ba ta da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Ta damƙe hannuna har ya yi zafi, ta ce, "'Yata, sadaka ba ta tambayar suna." Ta rufe ƙofa.

Yau a ƙungiyar nake, na san ba su nufe mu da sharri ba. Amma duk ranar rabo, ni ce mai manta biro a gida.