Masu Kwat Sun Sauka a Pell Ridge

Marlene ta ƙara sautin rediyon motar, ta tsaya a gaban kantin Dorsey ba ta kashe inji ba. Wani mai suna Hank ne a kan layi, yana rantsuwa cewa surukinsa da ke aiki a filin jirgi ya ga wani ƙaramin jirgi fari ya sauka da safe, mutane sanye da kwat suka fito.

"Masu kwat a Pell Ridge, cikin wannan sanyin?" in ji Hank. "Ai ba kamun kifi suka zo ba, Buck. Kocinmu suka zo ɗauka."

Buck Tillery, mai gabatar da shirin wasanni na rana, ya sheƙe da dariya. "Surukin nan naka, Hank, ba shi ne bara ya ga jirgin 'yan sama jannati a bayan gonarku ba?"

Marlene ba ta yi dariya ba. Tun ranar da ƙungiyar jami'a ta ɗauki kofin yankin, garin bai sake zama lafiya ba. Kafin zuwan Koci Renfro, ko kare ba ya tsoron 'yan wasansu. Yanzu ga shi manyan ƙungiyoyin ƙwararru suna zawarcinsa, shi kuma ko me aka tambaye shi amsarsa ɗaya ce: hankalinsa na kan yaransa. A shagon aski maganar ke nan, a coci ma ita ce da zarar an fito. Kusan kowane gida ya kafa allo a gabansa mai cewa KA ZAUNA, KOCI. A ƙofar gidan Marlene har guda biyar aka kafa, kuma ba ita ta kafa ko ɗaya ba.

Ta ja hularta ƙasa ta shiga kantin. Mata biyu a wajen madara suna musu, ɗaya na cewa an ga motar dillalin gidaje a unguwar kocin. Da suka hango ta sai suka koma zancen tsadar ƙwai. Ta ɗauki kek ɗin tuffa da mahaifiyarta ke so, ta biya, ta fita da sauri.

A gida ba ta da abokin hira kan wannan magana. Mijinta ya fice tun asuba kamar kullum, kuma shi ba mutum ne mai buɗe cikinsa ba. In ta ɗauko zancen, sai ya sumbaci goshinta ya ce ta daina sauraron Buck Tillery. Don haka take sauraron Buck Tillery, tana bin duk wani shafin magoya baya a waya har idonta ya yi ja.

Gidan kula da tsofaffi yana bayan filin wasa. Ta tarar da mahaifiyarta a bakin taga, an yafa mata bargo mai launin ƙungiyar. Mantuwa ta ci ƙarfin tsohuwar, sai da ta yi kusan shekara kafin ta saba da fuskokin ma'aikatan, ta daina kuka in an rufe ƙofa. Likita ya ce yanzu babu abin da take bukata kamar a bar ta inda ta saba.

"Lenie," in ji tsohuwar, tana ɓallar kek da yatsu, "wai yaron nan, kocin, zai tafi?"

"Ban sani ba, Mama."

"Ni dai kada a sake ɗaga ni. Tagar nan tawa ce."

Marlene ta gyara mata bargo, ta fito kafin hawaye ya tona ta.

A mota ta zauna ba ta tayar da inji ba. Dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan gilashi. A rediyo wani na cewa an ga kocin ya shiga otel ɗin filin jirgi ta ƙofar baya, wani kuma na cewa ƙarya ne, shi da idonsa ya gan shi a wajen atisaye. Ta ɗauki waya ta ajiye, ta sake ɗauka. Karon farko a rayuwarta ta buga lambar shirin, ta ba su sunan da babu mai kiranta da shi sai mahaifiyarta.

"Ga Lenie nan a kan layi. Bismillah, 'yar'uwa."

"Tambaya ɗaya ce, Buck. Ba jita-jita nake so ba. Akwai wanda ya san gaskiya?"

"Wallahi da na sani, da ban zauna nan ina shan surutun Hank ba. Ai... tsaya, tsaya." Ta ji ana masa raɗa, sannan ya ja dogon numfashi. Da ya dawo muryarsa ta sauya. "To jama'a, ta faru. Ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin nan ta fitar da sanarwa yanzu-yanzu. Koci Renfro ya sa hannu, gobe za su gabatar da shi ga 'yan jarida. Lenie, kina nan? Da kunnenki kika ji."

"Ina nan."

"Sai haƙuri, duk mu aka yi wa. Yau a garin nan mutum ɗaya ce ke murna, matarsa. Na rantse tun makon jiya ta zaɓi labulen sabon gida."

Ta katse layin. Ta gilashin gaba tana hango tagar mahaifiyarta, tsohuwar ta gane motar, tana ɗago mata hannu.

Wayar ta fara rawa a cinyarta. Ta san wanda ke kira tun kafin ta duba, ta san kuma zai fara da cewa yana da albishir. Marlene Renfro ta zauna tana kallon sunan mijinta yana haske har kiran ya katse.