Matashin Hannu na Hauren Giwa

Sojoji biyu suka shigo da Malam Meng, tsohon dillalin kayan tarihi, ko rigar sanyi ba su bar shi ya ɗauka ba.

A kan teburin Kyaftin Dou akwai matashin hannu na hauren giwa, irin wanda marubuta ke ɗora tsintsiyar hannu a kai. An sassaƙa Buddha a jikinsa, zaune kan furen bado. Gefe guda Fulai ne a durƙushe, mai shara a fadar Beijing, leɓensa a fashe.

"A cikin ɗamararsa muka same shi," in ji Dou. "Wai a kasuwa ya saya. Kwana biyu muna lallashinsa ya faɗi wanda ya aike shi, ya ƙi. Duba mana, tsoho. In kayan fada ne, yau kansa zai bar wuyansa, amma sai ya yi magana tukuna."

Meng bai dubi fursunan ba. Ya goge tafinsa a riga har sau biyu kafin ya ɗauki hauren. Ya shinshina, ya taɓe baki.

"Ranka ya daɗe, wannan ai bai girmi takalminka ba. A ruwan shayi aka jiƙa shi, aka turara da hayaƙi. Hatimin da ke bayansa ma kwaikwayo ne."

"Ba ka juya shi ba."

"Duk haka suke yin su."

Dou ya daɗe yana kallonsa. Sai ya turo masa dutsen niƙa tawada.

"Tunda na banza ne, fasa shi."

Meng ya ɗaga dutsen da hannu biyu, gumi na bin wuyansa. Bugu ɗaya, hauren ya tsage gida uku.

Dou ya kwashe da dariya. "Dillalin da zai fasa kayan sarki ba a haife shi ba. Ku kwance wannan sakaran!"

Meng da Fulai suka fito, kowa ya kama gabansa. Sai a lungu na uku Fulai ya cim ma Meng, yana ɗingishi, ya rage murya.

"Maigida, shekara huɗu kana roƙona in sato maka shi, yau kuma da hannunka ka fasa?"