Manomin da Ya Cinna wa Gamba Wuta

Akwai wani manomi da ya gaji gona a gindin wani dutse. Wata shekara masu fasa dutse suka zo da manyan motoci, suka ce gonar ta faɗa cikin filin da aka ba su. Ya kai kuka wurin dagaci, ya kai gaba, ba wanda ya saurare shi. Yana ji yana gani aka tuge ɗorawar da kakansa ya bari, aka dinga tayar da nakiya har bangon ɗakinsa ya tsage, ƙurar dutse ta sa wa matarsa tarin da ya zama ajalinta. Da suka gama kwashe abin da suke so, sai suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka tafi, ko sallama babu, suka bar wawakeken rami.

Shekaru suka shuɗe, ruwa ya taru a ramin. Tafasa da rai-ɗore suka ɓullo daga tsagar duwatsu, gamba ta yi tsayi, sabara ta yi duhu, yaɗiya ta nannaɗe ƙarafan da aka watsar. Hukuma ta mai da wurin filin shaƙatawa. Ranar hutu mutanen birni kan zo da tabarmi da kulolin abinci, suna ɗaukar hoton furanni, suna cewa Allah ya yi wa wurin nan kyau. Wannan magana ita ta fi ci masa rai. Shi a ganinsa, kowane ganye shaidar zur ne, ya fito ne don ya rufa wa azzalumai asiri. In ya wuce sai ya tofar da yawu. Da kaka ta yi, ciyawa ta bushe, ya zo da rana tsaka zuciyarsa na tafarfasa, ya ƙyasta ashana ya jefa cikin gamba. Kafin la'asar wuta ta lashe komai, sai baƙin dutse da toka.

Daga ranar nan hukuma ta garƙame ƙofa, ta hana kowa shiga. Sai a lokacin ya ga waɗanda ya ƙona wa hanyar abinci: masu yankan gamba su saƙa zana, makiyayan da awakinsu ke kwasar ganye, matan ƙauye masu tsinkar ganyen miya. Maƙwabciyarsa, wadda da kwaɗon tafasa take ciyar da marayunta, ta tare shi a bakin rijiya, ta dire tulu, ta ce, "Malam, waɗanda suka cuce ka suna can birni, ko hayaƙin ba su gani ba. Mu me muka yi maka?"

Zaluncin da aka yi masa gaskiya ne, amma inda ya sauke fushinsa ba nan ne gidan mai laifi ba. Irin wannan ne Hausawa ke ce wa haushin kaza, huce kan dami.